Sauya Sana'a zuwa Jinyar Tsofaffi a Gida: Nazari kan Masarautar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yiwuwar jinyar tsofaffi a gida ta zama sana'ar da ake komawa gare ta a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. An dogara da dokokin Nijeriya da ayyukan masana zamantakewar Hausawa. Matsayin maƙalar shi ne, buƙata ta riga tsari isowa, kuma mai shiga wannan aiki ba tare da horo da yarjejeniya ba zai tsinci kansa a matsayin ɗan aikin gida.

Tushen buƙatar

A al'adance jinya haƙƙin dangi ce. Tsoho yana kwance a turakarsa, 'ya'ya da surukai da jikoki suna karɓa-karɓa a kansa. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne gandu, inda uba da 'ya'yansa masu aure suke noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Polly Hill ta bayyana yadda gandu yake aiki da yadda yake watsewa a littafinta Rural Hausa na 1972, wanda ta gina a kan Batagarawa kusa da Katsina. M. G. Smith kuma ya rubuta tarihin sarautar Daura a The Affairs of Daura a 1978. Gidan da waɗannan masana suka gani ya sauya. 'Ya'ya maza suna Kano da Abuja da Legas, mata sun yi aure a wasu garuruwa, ana turo kuɗi ta waya, amma kuɗi ba ya juya mai shanyewar ɓarin jiki a kan gado. Hawan jini da ciwon suga da gigin tsufa cututtuka ne na shekaru, asibiti kuwa yakan sallami mara lafiya da zarar ya farfaɗo, sauran aikin ya koma gida.

Masu shigowa

Tattalin arzikin masarautar yana jingine da iyakar Nijar. Hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram da kasuwar Mai'aduwa suna ciyar da direbobi da dillalai da masu sayar da abinci. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai, ga kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Duk wanda jarinsa ya karye a irin wannan yanayi yana neman aikin da ba ya buƙatar jari, jinya kuwa tana cikin irin waɗannan ayyuka.

Sai dai rukuni biyu ne suka fi cancanta. Na farko su ne waɗanda suka kammala Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Daura suna jiran gurbin gwamnati. Sun san awon jini da wanke rauni, kuma hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, wadda doka ta 61 ta 1992 ta kafa, ita ke ba su lasisi. Na biyu su ne zawarawa da matan da suka yi shekaru suna jinyar miji ko uwa. Waɗannan ba su da takarda, amma sun san abin da aji ba ya koyarwa: yadda ake lallashin tsohuwar da ta ƙi cin abinci, da yadda ake taimaka mata ta yi alwala ko taimama ba tare da an zubar mata da mutunci ba. A ganin mai wannan nazari, kuskure ne babba a gina tsarin da zai bar su a waje.

Cikas

Babban cikas shi ne kunya. Magidancin da ya ɗauko bare ya yi wa mahaifiyarsa wanka yana tsoron a ce ya kasa, ko ya sayar da aljannarsa. Don haka akan ɓoye lamarin, a ce "yarinya ce mai taya mu aiki", ladan kuma ya zama abin da aka ga dama. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan mai ɗaukar ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka mai jinya a gida ba ta da inda za ta kafa hujja. Ga kuma batun muharrami. Tsiraicin mara lafiya amana ce, tsoho yana buƙatar namiji, tsohuwa tana buƙatar mace, alhali samari da yawa suna kallon aikin a matsayin na mata.

Ingila ta nuna abin da daraja ke yi wa wannan aiki. Da ta buɗe bizar masu jinya a Fabrairun 2022, 'yan Nijeriya masu digiri sun bar banki da koyarwa suka tafi, har aka hana tafiya da iyali a Maris 2024, aka rufe ɗauka daga waje a Yulin 2025. Aikin da ake rainawa a gida shi aka yi wa rububi da ya zo da kwantiragi da albashi.

Tsarin da ake da shi

Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, shi ya sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Aiwatarwa ce ta rage wa jihohi. Makarantar lafiya ta Daura tana iya buɗe gajeren kwas na jinyar gida cikin harshen Hausa, wanda zai koyar da juya majinyaci duk bayan awa biyu don kauce wa gyambon kwanciya, da ciyar da mai wahalar haɗiya, da gane alamun da ke wajabta garzayawa asibiti. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙe rajistar waɗanda aka horar, su shaidi yarjejeniyar da ta fayyace lada da ranar hutu, limamai kuma su bayyana wa jama'a cewa biyan ƙwararre ya kula da iyaye yana cikin kyautata musu.