Iyakar Iskar Rana: Abin da Kumbunan Voyager Suka Tarar

Rana tana feso ƙwayoyin zarra masu ɗauke da lantarki ba dare ba rana, cikin gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda. Masana na kiran wannan iskar rana. Can bayan duniyar Neptune, iskar takan ci karo da matsin iskar da ke tsakanin taurari, sai gudunta ya karye farat ɗaya, ta cunkushe, ta yi zafi, tamkar motocin da suka sheƙo a hanyar Funtuwa zuwa Gusau suka tarar da cinkoson kasuwar Sheme.

Kumbuna biyu kacal suka taɓa ratsa wannan iyaka suna aiko da bayanai, dukkansu na hukumar NASA ta Amurka, waɗanda aka harba a 1977. Voyager 1 ya ƙetare ta a Disambar 2004, a nisan da ya ninka tazarar duniya da rana sau 94. Voyager 2 ya biyo baya a Agustan 2007, a ninki 84.

Tun shekarun 1970 aka gano wasu ƙwayoyi masu ƙarfin gaske da ba a san mafarinsu ba. Bayanin da ya karɓu shi ne, daga tsakanin taurari suke kutsowa, iskar rana ta kwashe su zuwa iyakar, su yi ta kai da komo a tsakanin ɓangarorinta biyu, kowane zagaye yana ƙara musu ƙarfi. In haka ne, a bakin iyakar ya kamata yawansu ya kai ƙololuwa. Voyager 1 ya isa, bai tarar da hakan ba; yawan nasu ma ci gaba ya yi da ƙaruwa bayan ya wuce. A 2006 David McComas da Nathan Schwadron suka kawo hujjar cewa a gefunan iyakar ake ƙara musu ƙarfin, nesa da inda kumbon ya bi. Hujja ce mai ma'ana, sai dai har yau babu kumbon da ya je gefunan ya auna.

Voyager 2 kuwa ya iske zafin iskar ya yi ƙasa matuƙa da hasashe, domin baƙin ƙwayoyin nan ne suka kwashe mafi yawan ƙarfin.

Batun ya shafe mu. Idan rana ta yi aman wuta, irin wannan karo ne ke ingiza ƙwayoyin da kan lalata na'urorin taurarin ɗan'adam, irin su NigComSat-1R da Najeriya ta mallaka tun 2011.