Shari'ar Samarin Scottsboro: Waiwaye Kan Launin Fata da Hukunci a Amurka

Ranar 25 ga Maris, 1931, aka kama waɗansu samari baƙar fata su tara a jirgin ƙasa na kaya a Jihar Alabama ta Amurka, bisa zargin yi wa waɗansu mata biyu farar fata fyaɗe. Kafin mako uku ya cika, kotun garin Scottsboro ta yanke wa takwas daga cikinsu hukuncin kisa.

Abin lura a nan shi ne, a tsarin Amurka ba alƙali ne ke tabbatar da laifi ba, wani ayari ne na mutanen gari, wato juri. Waɗanda suka zauna a wannan shari'a kuwa duk fararen fata ne. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1932 saboda rashin ingantaccen lauya, ta sake sokewa a 1935 saboda hana baƙar fata shiga juri. A 1933 ɗaya daga cikin matan, Ruby Bates, ta janye zarginta, amma duk da haka juri ya sake kama Haywood Patterson da laifi. Alƙali James Horton, wanda ya rushe wannan hukunci, ya faɗi zaɓe a 1934.

Ashe ke nan doka ba ta wadatarwa in masu aiwatar da ita sun riga sun yanke hukunci a zuci. Sai a 2013 Alabama ta yi wa ukun ƙarshe afuwa, alhali duk sun daɗe da rasuwa.