Gasar sinuka ta ƙungiyoyin maza a Wasannin Asiya

Sau huɗu kacal aka gudanar da gasar sinuka ta ƙungiyoyin maza a Wasannin Asiya, daga shekarar 1998 zuwa ta 2010, kuma ƙungiyoyi biyu ne suka raba lambobin zinaren a tsakaninsu: Hong Kong ta ɗauki biyun farko, ƙasar Sin ta ɗauki biyun ƙarshe.

Duk da gajartar tarihinta, a wannan gasa ce aka ga alamun farko na yadda ƙarfin wasan ke karkata daga Birtaniya zuwa gabashin duniya.

Mene ne sinuka?

Akasarin teburan da samari ke kewayewa a ɗakunan wasa na unguwannin Kano da sauran biranen arewa, waɗanda ake kira sinuka, na wani wasa ne ɗan uwansa da ya bunƙasa a Amurka, mai ƙaramin tebur da ƙwallaye masu lambobi.

Sinukar da ake gasa da ita a duniya ta fi wannan wuya. Teburinta na da tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, da ramuka shida, ana kuma amfani da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi shida, sai farar da ake doka da sanda.

Ɗan wasa kan jefa ja a rami ya sami maki ɗaya, sannan ya zaɓi mai launi. Rawaya maki 2 ce, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa kuma 7. Wanda ya haɗa kowace ja da baƙa, ya kuma share sauran ba tare da kuskure ba, zai tashi da maki 147 a hawa guda.

Hafsoshin sojan Birtaniya ne suka ƙirƙiro wasan a garin Jabalpur na Indiya a wajejen 1875, saboda haka ana iya cewa a Asiya aka yanke masa cibiya. Amma a Ingila ya girma. A 1927 aka fara gasar cin kofin duniya, wadda Joe Davis ya lashe, kuma tun 1977 ake yin ta a birnin Sheffield.

A tsawon wannan lokaci, galibi wasa ne na mutum ɗaya da sandarsa, mai neman kuɗi da suna don kansa. Shigarsa Wasannin Asiya ta mayar da shi abin da ake ɗaga wa tutar ƙasa.

Zamanin Hong Kong

A watan Disamban 1998 ne aka fara sanya wasannin tebur da sanda a Wasannin Asiya, a birnin Bangkok. Ba abin mamaki ba ne da aka fara a can, domin kuwa ɗan ƙasar Thailand, James Wattana, ya taɓa kai wa matsayi na uku a duniya a tsakiyar shekarun 1990, abin da ya sa wasan ya karɓu ƙwarai a ƙasar.

Kowace ƙungiya kan shiga fili da 'yan wasa uku. Wannan tsari ya sa gwani ɗaya ba ya wadatarwa: ƙasar da ke da tauraro amma ba ta da na biyu da na uku masu ƙwari, tana iya faɗuwa a hannun wadda 'yan wasanta matsakaita ne amma ba mai rauni a cikinsu.

Hong Kong ce ta lashe zinaren farko, tare da Marco Fu, wanda a lokacin yake da shekaru 20, ya kuma kai wasan ƙarshe na wata babbar gasar ƙwararru a Ingila watanni biyu kafin nan.

Nasarar ta zo ne shekara ɗaya da rabi bayan Birtaniya ta mayar da yankin ga ƙasar Sin a watan Yulin 1997. Bisa yarjejeniyar da aka cimma, Hong Kong ta ci gaba da shiga wasanni da tawagarta daban, lamarin da ya sa daga baya ta riƙa karawa da Sin ɗin kanta a kan lambar zinare.

A gasar 'yan wasa ɗai-ɗai ta wannan shekara kuwa, Shokat Ali na Pakistan ne ya zama zakara.

A 2002, a birnin Busan na Koriya ta Kudu, Hong Kong ta kare kambinta, Sin ta tashi da azurfa. Sai dai abin da aka fi tunawa da shi a Busan shi ne wani yaro ɗan shekara 15 a tawagar Sin, Ding Junhui, wanda ya lashe zinaren 'yan wasa ɗai-ɗai.

Sin ta karɓe ragama

Kafin a sake haɗuwa a birnin Doha na Ƙatar a watan Disamban 2006, labari ya sha bamban. A 2005 Ding ya doke Stephen Hendry a wasan ƙarshe na wata gasa a Beijing, sannan ya doke Steve Davis ya ɗauki kofin Birtaniya. Waɗannan biyu su ne suka mamaye wasan a shekarun 1980 da 1990.

A Doha, Ding ya kwashe zinare uku: na 'yan wasa ɗai-ɗai, da na bibbiyu tare da Tian Pengfei, da na ƙungiya, inda Liang Wenbo ya cike su uku. A wannan karo Hong Kong ce ta koma matsayi na biyu.

Waɗannan ukun ne suka sake lashe gasar ƙungiyoyi a gida, a birnin Guangzhou, a watan Nuwamban 2010, bayan sun doke Indiya a wasan ƙarshe. Marco Fu dai ya ɗan huce haushi, domin ya doke Ding a wasan ƙarshe na ɗai-ɗai.

Abin da gasar ƙungiyoyin ta nuna, wanda ta ɗai-ɗai ba za ta iya nunawa ba, shi ne cewa Ding ba shi kaɗai ba ne. Akwai zuri'a guda ta matasa a bayansa, waɗanda da yawansu suka ƙaura Ingila domin samun horo.

Sai dai tarihin wannan tawaga bai ƙare da daɗi ba. A watan Yunin 2023 aka haramta wa Liang Wenbo wasan har abada, bayan an same shi da laifin shirya sakamakon wasanni saboda caca, a wata badaƙala da ta rutsa da 'yan wasan Sin goma.

Ɗaya daga cikin goman, Zhao Xintong, wanda aka dakatar na watanni 20 ba tare da an same shi da sayar da wasansa ba, ya dawo ya lashe kofin duniya a 2025. Shi ne ɗan Asiya na farko da ya yi hakan.

Dalilin cire wasan

Bayan Guangzhou, inda aka yi wasanni iri 42, an rage yawansu zuwa 36 a gasar Incheon ta 2014, kuma sinuka na cikin waɗanda abin ya shafa. An bar ta a wata gasa ta daban ta wasannin cikin zaure na nahiyar, wadda ba ta kai ta farkon daraja ba.

Babban rauninta shi ne rashin gurbi a wasannin Olamfik. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar wasannin tebur da sanda tun 1998, amma yunƙurin shigar da su gasar Tokyo ta 2020 da ta Paris ta 2024 bai yi nasara ba.

Batun ya wuce na alfahari. Gwamnatoci da dama kan ware kuɗin horo ne bisa la'akari da wasannin da ke kawo lambobi a manyan gasanni, kuma a Hong Kong cire wasan ya jefa tallafin da 'yan sinuka ke samu cikin rashin tabbas.

A Afirka fa?

Babu sinuka a Wasannin Afirka da Najeriya ta karɓi baƙuncinsu a Abuja a 2003. An sanya ta a na 2019 da aka yi a Maroko, inda ɗan ƙasar, Amine Amiri, ya lashe zinaren maza. Wannan nasara ta ba shi tikitin shekaru biyu na shiga sahun ƙwararrun duniya.