Tagwayen faifai a saba: kati ya fi ko manhaja?

Duk wanda ya shiga Computer Village da ke Ikeja neman saba, wato babbar kwamfutar nan da wasu ke kira uwar garke, zai ci karo da tambaya guda: da katin RAID kake so ko babu? Masu shagon magani, makarantu da ofisoshin sufuri da yawa sukan amsa ba tare da sun san me ake nufi ba, alhali a cikin na'urar ne lissafin kuɗinsu da sunayen waɗanda suke bi bashi za su zauna.

Kalmar RAID ta yaɗu ne daga wata takarda da David Patterson, Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka fitar a 1988. Tsarin yana da matakai, amma wanda ya shafe mu a nan shi ne RAID 1. Faifan ajiya biyu ake sawa, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a rubuta shi a ɗayan nan take. In guda ya mutu, aiki ba ya tsayawa. Farashin abin shi ne rabin wuri: faifai biyu masu TB 2 kowanne, TB 2 kacal za ka mora.

To wa zai riƙa yin kwafin? Ko dai kati na musamman, ko manhajar da ke tafiyar da kwamfutar.

Katin shi ne irin PERC a sabobin Dell PowerEdge, ko Smart Array a HP ProLiant. Yana da ɗan injinsa da ƙwaƙwalwarsa. PERC H710 na da MB 512, H730 kuma GB 1. Yana karɓar rubutu ya ce wa kwamfuta an gama, sannan ya zuba a faifai daga baya, shi ya sa yake da sauri. Amma wannan dabara da batir ta dogara, domin in aka ɗauke wuta batirin ne ke ceton abin da bai kai ga faifai ba. A nan matsalar kayan tokumbo take. Sabar da ta yi shekaru tana aiki a Turai kafin ta sauka Apapa, batirin katinta ya sha jiki, ga zafin Legas kuma ba ya raga wa batir. Da ya mutu, katin kan daina riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa, sai ka ga na'ura ta yi nauyi, mai ita yana ta zargin intanet. Wasu masu gyara sukan tilasta wa katin ya ci gaba a haka ba batir. Kar ka yarda, ɗaukewar wuta ɗaya na iya lalata maka rumbun bayanai.

Sai kuma ranar da katin kansa ya ƙone. Yana rubuta bayanin haɗin faifan ne da tsarin kamfaninsa, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ka nemo kati ɗan gidansu. In kana Legas da sauƙi. In kana Sabon Ibadan ko Ama Hausa a Owerri, sai ka jira a sako maka a mota, ofis kuma a tsaye.

Ta ɓangaren manhaja, Linux na da mdadm, Windows na da Storage Spaces tun Server 2012, akwai kuma ZFS da kamfanin Sun ya saki a 2005. Tsohuwar maganar cewa manhaja na cinye ƙarfin kwamfuta ba ta da nauyi a RAID 1, don babu wani lissafi a ciki, kwafi ne kawai. A RAID 5 da 6 ne ake lissafi. Babbar fa'idar ita ce in sabar ta mutu, ka zare faifan ka sa a kowace kwamfuta mai Linux, mdadm zai gane su. ZFS ya ƙara da wani abu: yana ajiye lambar tantancewa ga kowane gutsuren bayani, saboda haka in tagwayen suka saɓa, ya san wanne ne mai gaskiya, ya gyara ɗayan. Sai dai yana son ya ga faifan kai tsaye, ba ta bayan katin RAID ba. Raunin manhaja kuwa, sai da hannun wanda ya iya. In ba a sa manhajar tayar da kwamfuta a faifan biyu ba, ranar da na farko ya mutu bayananka na nan lafiya, amma na'urar ta ƙi tashi.

A yi hattara da na tsakiya, irin su PERC S130 da HP B140i. Sunan kati gare su, amma aikin manhaja ce ke yi.

A ganina, ƙaramin ofis mai Linux da faifai biyu ya ɗauki manhaja, kuɗin kati ya zuba su a UPS mai kyau. Wanda zai sa VMware ESXi kuwa kati zai nema, don ESXi ba ya haɗa faifan cikin saba da kansa. Haka wanda ba shi da ƙwararre a kusa, don da kati fitilar faifan da ya lalace ce za ta canza launi, a zare shi a sa sabo ba tare da an kashe na'ura ba. In ka zaɓi kati, sayi na biyu ka ajiye, kuma a gwada batirin a gabanka kafin ka biya.

Ko wanne ka ɗauka, tagwaye ba sa hana asarar da hannu ya jawo. In ma'aikaci ya goge fayil, ko ƙwayar cutar masu neman kuɗin fansa ta kulle shi, a faifan biyu abin zai faru lokaci guda. Dole a sami wani kwafi a wajen ginin. Sannan sake cika sabon faifai mai TB 4, in ana kwafin MB 150 a daƙiƙa, ya haura awa 7, kuma duk tsawon lokacin faifai ɗaya ne ke ɗauke da kai, don haka a tanadi man janareta kafin a fara. Ranar da aka haɗa sabar, tun ba a zuba komai ba, a kashe ta, a zare faifai ɗaya, a kunna a gani ko za ta tashi, sannan a gwada da ɗayan.