Baƙaƙen halaye uku, barci da lafiyar jiki ga masu ciwon damuwa da baifola

Ciwon tsananin damuwa da cutar baifola, wadda ke jefa mai ita tsakanin ƙuncin rai da zumuɗin da ya wuce kima, ba ƙwaƙwalwa kaɗai suke taɓawa ba. Ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya sun fi yawa ga masu su fiye da sauran jama'a, kuma suna daga cikin dalilan da ke gajarta rayuwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, wasu miliyan 40 kuma ke da baifola. A 'yan shekarun nan masana sun ƙara wata tambaya a kan wannan: shin halin mutum yana da hannu a ciki? Abin da aka gano zuwa yanzu ya fi karkata ga barci a matsayin igiyar da ta ɗaure al'amuran uku.

Mene ne baƙaƙen halayen?

A 2002 Delroy Paulhus da Kevin Williams na Jami'ar British Columbia da ke Kanada suka haɗa halaye uku ƙarƙashin suna ɗaya, wanda a Turance ake kira Dark Triad. Na farko shi ne ji-da-kai, wato mutum ya ɗauki kansa sama da kowa, yana ƙishirwar yabo. Na biyu makirci, wato juya mutane da dabara don cimma buƙata. An samo sunansa na Turanci daga Niccolo Machiavelli, marubucin siyasa ɗan birnin Florence na Italiya. Na uku shi ne ƙeƙashewar zuciya, wadda ta ƙunshi ƙarancin tausayi, rashin nadama da aikata abu ba tare da duban ƙarshensa ba.

Waɗannan halaye ba cuta ba ne da likita ke tabbatarwa. Ana samun su a tsakanin jama'a, wani kaɗan wani da yawa, kuma da takardar tambayoyi ake auna su. Biyu da suka fi shahara su ne mai tambayoyi 12 ta 2010 da mai tambayoyi 27 ta 2014.

Halayen da barci

A 2013 Peter Jonason da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa masu yawan waɗannan halaye sun fi zama 'yan dare, masu jinkirin kwanciya da jinkirin tashi. Wani bincike na Jami'ar Koyon Likitanci ta Graz da ke Ostiriya, wanda aka wallafa a 2023, ya duba masu larurar yanayin rai tare da masu lafiya, ya kuma danganta makirci da ƙeƙashewar zuciya da rashin ingancin barci. Ji-da-kai kuwa sau da yawa yakan fita daban da sauran biyun a irin waɗannan bincike.

Masana na bayar da dalilai masu sauƙin fahimta. Mai zargin kowa da mai yawan rikici da mutane kan kwanta da zuciya a tashe. Mai gaggawar bin son rai kuma ya fi saurin faɗawa shan taba, giya ko ƙwaya, ya fi wahalar tsayawa kan lokacin barci ɗaya ko kan umarnin likita.

Barci da sarrafa abinci a jiki

Nan ne hujja ta fi ƙarfi, domin an gwada ta a ɗakin bincike. A 1999 Karine Spiegel da Eve Van Cauter na Jami'ar Chicago suka taƙaita barcin wasu samari 11 masu lafiya zuwa awa huɗu na tsawon dare shida, sai jikinsu ya yi rauni wajen kwashe sukari daga jini. A 2004 wani gwajin nasu ya nuna cewa dare biyu na gajeren barci sun rage sinadarin leptin mai sanar da ƙoshi, sun ƙara girelin mai tayar da yunwa.

Likitoci na cewa mutum ya shiga rukunin masu gurɓacewar sarrafa abinci idan ya haɗa uku daga alamomi biyar: faɗin ƙugu, yawan kitsen da ke yawo a jini, ƙarancin kwalastaral mai amfani, bugun jinin da ya kai 130 bisa 85, da sukarin kafin karin kumallo da ya kai miligiram 100 a kowace desilita. Nazarin da Davy Vancampfort na Jami'ar Leuven ta Beljiyam ya jagoranta a 2015 ya samu wannan hali ga kusan mutum ɗaya cikin uku na masu manyan larurorin ƙwaƙwalwa, har da damuwa da baifola.

Barci yana shiga cikin larurar kanta. Rashin barci mai ɗorewa kan ninka haɗarin kamuwa da ciwon damuwa kusan sau biyu. A baifola, raguwar buƙatar barci na daga alamomin zumuɗi, kuma hana ido barci na iya tayar da shi. Wasu magunguna, irin su olanzapine, quetiapine, valproate da lithium, suna ƙara ƙiba, abin da ke ɗora nauyi a kan nauyi.

Iyakar abin da binciken ya nuna

Dangantakar halayen da barci ba mai ƙarfi ba ce, kuma yawancin binciken a lokaci ɗaya aka auna komai, don haka bai nuna wanne ya haifar da wanne ba. Mai ƙarancin barci ma yakan zama mai saurin fushi da ƙarancin haƙuri. Amsoshin kuma daga bakin mutanen da ake aunawa suke fitowa, alhali makirci ya ƙunshi iya ɓoye kai. Akwai wani tarkon: mai baifola a lokacin zumuɗi kan ji ya fi kowa, ya yi ɓarnar kuɗi, ya faɗi magana ba taunawa, sai a ɗauka halinsa ne, alhali alamar ciwo ce da ke lafawa da magani. Saboda haka kuskure ne a yi wa masu waɗannan larurori kallon miyagun mutane.

Abin da ake iya gyarawa

Hausawa kan ce hali zanen dutse. Barci da sukarin jini kuwa suna karɓar gyara. Ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar aƙalla awa bakwai a dare ga baligi. Ga mai rashin barci mai ɗorewa, matakin farko da ake ba da shawara shi ne horon gyara tunani da ɗabi'un barci, kafin a koma ga ƙwayoyi. Ga masu baifola, tsayar da lokacin kwanciya, tashi da cin abinci na cikin hanyoyin rage dawowar ciwo. Wanda aka ɗora a kan magungunan da ke ƙara ƙiba ana so a auna nauyinsa, ƙugunsa, bugun jininsa, sukarinsa da kitsen jininsa tun farko, a ci gaba da bibiya. Dakatar da magani ba tare da sanin likita ba na iya dawo da ciwon da ƙarfinsa.

Amfanin sanin halin majinyaci shi ne ya taimaka wa likita gane wanda zai fi wahalar bin tsari, domin a ƙara masa kulawa tun kafin sukari ko zuciya su nuna alama.