Kafin wayo, doka

A hutun bara ni da wani abokina muka ce za mu rubuta manhajar dara a kwamfuta. Muka kai ta gindin bishiyar da tsofaffin unguwarmu a Matankari ke dara. Ba a yi nisa ba ta jera ƴaƴa uku tun lokacin zubi, abin da dokar wasan ta hana. Wani dattijo ya ce: "Yaro, wagga na'ura taku ba ta san dara ba, ku ɗauke ta." Kunya ta kama mu. Ita ta sa na shiga bin tarihin ces, darar Turawa, in ga yadda nasu suka faro.

Ashe su ma sun sha wannan. A 1951, a Manchester ta Ingila, Dietrich Prinz ya rubuta ɗaya daga cikin manhajojin ces na farko. Ba ta iya wasa daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba ta bambance sarkin da aka kashe da wanda kawai ya rasa wurin motsawa, alhali na farko nasara ce, na biyu kunnen doki.

A 1971, a gasar kwamfutoci a Amurka, manhajar COKO ta samu damar kashe sarkin Genie da motsi ɗaya. Sai ta tsaya tana jan ƙafa, don ba a koya mata cewa nasarar yanzu ta fi ta anjima ba. Genie ta farfaɗo, COKO ta sha kashi. Ƙarfin lissafi na nan, ƙaramin kuskure ya kada ta.

Ko Deep Blue ta kamfanin IBM, mai duba yanayin wasa kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda, ba ta tsira ba. A watan Mayun 1997 a New York, a wasanta na farko da zakaran duniya Garry Kasparov, motsinta na 44 ya fito ne daga kuskuren manhaja. Ta faɗi wasan. Masu ita suka gano ɓarakar suka toshe, a ƙarshe ta ci gasar da maki 3½ da 2½.

To, ƴan uwa, mu da muka yi ɗokin koya wa tamu dabarun cin abokin wasa, tun tushe muka ɓata. Yanzu mun ajiye zancen dabara. Mun zauna da dattijon nan, mun rubuta dokokin ɗaya bayan ɗaya: gurbi 30, ƴaƴa 12 ga kowa, ba jera uku lokacin zubi, jerin huɗu ba ya ci. Kowace doka sai mun gwada ta kafin mu wuce. Hutu mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu koma gindin bishiyar nan. Ko an cinye ta ba komai, in dai ba a ce mu ɗauke ta ba.