Fili, Lokaci da Kyamara: Abin da Tarihi Ya Koya Mana Kan Ƙwallon Mata

Ina ɗan makaranta wuta ta cinye Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, ranar 27 ga Mayu, 2003. 'Yan kasuwa suka watse cikin gari, kowa ya kafa rumfa inda ya samu, ba a sake buɗe kasuwar ba sai 2009. Gwaggona mai sayar da atamfa takan ce kayanta ba su rage kyau ba, masu saye ne ba su san inda za su same ta ba. Maganar nan tana dawo mini duk lokacin da mai sauraro ya bugo waya a shirina na wasanni ya ce, "Malam, ai ƙwallon mata ba ta da 'yan kallo."

Wata Juma'a na sanar a rediyo cewa za a yi wasan gasar mata gobe da ƙarfe huɗu na yamma. Wasu mata 'yan kasuwa daga Zango suka rufe shaguna da wuri suka tafi. Ashe an mayar da wasan safiya, a wani fili dabam, ba wanda ya gaya mana. Da ɗaya daga cikinsu ta gan ni sai ta ce, "Yaro, ka sa mun yi asarar ciniki da kuɗin mai." Ban sake jin ta je kallo ba.

Wannan matsala ta girme mu duka. A Ingila, ranar 27 ga Disamba, 1920, mutum kusan 53,000 suka cika filin Goodison Park da ke Liverpool don kallon Dick, Kerr Ladies da St Helens. Shekara guda bayan haka, ranar 5 ga Disamba, 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashinta. Ba ta ƙwace musu ƙwallo ba, fili kawai ta ƙwace, kuma hakan ya isa. Shekara kusan hamsin aka yi kafin a janye dokar. Waɗanda aka haifa a tsakani suka tashi suna zaton dama can ba mai son kallon mata.

Gyaran ma ta ƙofar nan ya shigo. A 2021 gasar mata ta Ingila ta ƙulla yarjejeniya da Sky da BBC, ta kusan fam miliyan 8 a kowace kaka. Mai talabijin ba ya sayen wasan da bai san ranarsa ba, don haka dole jadawali ya tsaya. Idan jadawali ya tsaya, mai talla ya shigo, kuɗi su samu, a gyara fili.

A Afirka, hukumar CAF ba ta fara gasar zakarun kulob na mata ba sai 2021 a Masar, inda Mamelodi Sundowns ta doke Hasaacas Ladies ta Gana da ci 2 da nema. A shekarar da ta biyo baya Maroko ta karɓi gasar kofin Afirka ta mata, ta sa manyan wasanni da dare a babban filin Rabat. Ranar 18 ga Yuli, 2022, mutum fiye da 45,000 suka kalli Maroko da Najeriya. Amma gasar da ta biyo baya, wadda sunanta na 2024 ne, sai a Yulin 2025 aka buga ta, Najeriya ta ɗauki kofinta na goma.

Mu ma muna cikin wannan tarihi. A 2022 ne 'yan matanmu na Burkina Faso suka je gasar Afirka karon farko, ƙarƙashin mai horaswa Pascal Sawadogo. Su suka buɗe gasar da Maroko ranar 2 ga Yuli, aka ci su ɗaya. Senegal ma ta ci su ɗaya, suka yi 2 da 2 da Uganda. Daren farko na ga dattawa a bakin teburin mai shayi sun zuba wa talabijin ido, suna tambayar juna, "Yaran nan a ina suke wasa?" A nan garin suke wasa, a kulob irin su USFA da Étincelles da Princesses. Sai da kyamara ta nuno su daga Rabat maƙwabtansu suka san da su. Ni mai aikin rediyo ne, amma dole in yarda cewa gani ya kori ji.

A lokacin ko maza ba su da gida. CAF ta dakatar da filin 4 ga Agusta a 2021, ƙungiyar ƙasa ta riƙa karɓar baƙinta a Maroko, ba a dawo ba sai 2025. Idan fili ya yi ƙaranci, kowa ya san wa ake fara ture wa wasa zuwa tsakar rana. Ga shi a watan Afrilu zafin Wagadugu yakan wuce digiri 40.

Shi ya sa nake ganin abin da gasarmu ta mata ke bukata bai kai tsadar da ake zato ba. A fitar da jadawali tun farkon kaka kuma a tsaya a kansa. Kowace ƙungiya ta san filinta. A sa wasa bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma kasuwa ta fara tashi. A samu ko da wasa ɗaya a mako a talabijin, ko a nuna shi kai-tsaye a Facebook. Mu kuma a rediyo mu riƙa faɗin sakamako da sunayen 'yan wasa, kamar yadda muke yi wa maza.

Har yanzu ina neman matar nan duk na ratsa layin masu atamfa. Ina so in gaya mata rana da lokaci da fili, ta je ta tarar da su haka.